Hangen Ƙanƙara Daga Saman Jirgi

Karatun safiya: Ayuba 38:22-30, da Markus 6:30-44

Sanyin Disamba ya tashe ni tun kafin a yi kiran assalatu a masallacin da ke tsallaken titinmu a Dadin Kowa. Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin hunturu ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Sanyin nan ba ruwansa da fata, ƙashi yake nema. Na lulluɓa da bargo biyu, na jawo Littafi Mai Tsarki da tocila, sai hannuna ya faɗa kan waya. Tsufa bai raba mutum da wannan jaraba ba. Kafin in buɗe Ayuba, na buɗe bidiyon da 'yata ta turo mini tun watan Agusta, wanda na kalla ya fi sau ashirin.

Nas ce a Amurka. Bayan shekara huɗu tana aikin dare, ita da abokan aikinta suka tara kuɗi suka shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shan iska, daga Siyatul zuwa Alaska, tafiyar mako guda. Jirgin kansa unguwa ce sukutum, hawa bisa hawa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da fasinja dubbai. A bidiyon tana tsaye a baranda, ta naɗe kai da wuya har ba a ganin komai sai idanu, kofin shayi na tururi a hannunta. Bayanta kuwa wani bango ne na ƙanƙara, fari da shuɗi, da zane-zanen baƙi kamar an goga masa gawayi. Ya tokare ƙarshen wani dogon lungu na teku, manyan duwatsu sun tsaya masa dama da hagu. Can sai wani ɓangare na bangon ya ɓalle, ya sulale cikin ruwa a hankali, shiru kamar a mafarki. Sai da ruwan ya yi tsalle ya koma, sannan ƙarar ta iso, kamar aradun farkon damina a kan duwatsun Shere. Mutanen jirgin suka sa ihu da tafi. Ita kuwa muryarta na rawa ta ce, "Baba, ka ga ikon Allah?"

Na gani, 'yata. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wannan abu da alli ga yaran da iyakar ƙanƙarar da suka sani ita ce wadda ke dukan kwanon rufi a farkon damina, ko wadda ake sa wa zoɓo. Ban taɓa ganinsa yana motsi ba sai a wayarki.

Wurin sunansa Glacier Bay, bangon kuma bakin kogin ƙanƙara ne da ake kira Margerie. Na ce kogi domin tafiya yake yi, sai dai tafiyar hawainiya. Dusar ƙanƙara ce ke sauka a kan duwatsu shekara da shekaru ba ta narkewa. Ta bana ta danne ta bara, ta bara ta danne ta bariya, har nauyi ya matse iskar da ke ciki, abin ya daskare ya koma shuɗi. Daga nan nauyin kansa ya riƙa tura shi gangare. A ƙarƙashinsa yana jan tsakuwa da manyan duwatsu, yana gurza ƙasa da su kamar yadda mace ke gurza hatsi a dutsen niƙa. Kogin ruwa, irin Dilimi, yanka yake yi kamar bakin gatari. Kogin ƙanƙara kuwa kwarzane kwari yake yi ya bar shi da faɗin ciki da miƙaƙƙen bango, kamar an fafe kwale-kwale. In ƙanƙarar ta narke ta ja da baya, sai teku ya biyo sawunta ya cika gurbin. Irin wannan lungu shi mutanen Nowe ke kira fiyod, duniya kuma ta ari sunan. Mafi girma a ƙasarsu, Sogne, tsawonsa ya kai kilomita 200, ya zarce nisan Jos zuwa Bauchi nesa ba kusa ba, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. Nakan ce wa ɗalibaina: garinmu yana kimanin mita 1,200 sama da teku. Da za a haƙa rijiya daga Taminus har a kai daidai da fuskar teku, da sauran haƙa kafin a kamo zurfin Sogne. Ajin kan yi tsit, sai wani daga baya ya ce, "Malam, ka taɓa zuwa?" Ban taɓa ba.

Wani abu da na lura da shi a kallo na goma ko na sha ɗaya: babu wanda ya sauka daga jirgin. Haka tsarin wurin yake. Manyan jirage biyu kawai ake bari su shiga a rana, ma'aikatan wurin su hau jirgin su yi bayani ta lasifika, jirgin ya tsaya gaban ƙanƙarar kamar awa guda, yana juyawa a hankali don na dama da na hagu kowa ya samu rabonsa na kallo. Daga nan a juya. In sanyi ya ishe ka, taku biyar ne zuwa ɗaki mai ɗumi. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, kuma hutun nan 'yata ta biya shi da gumin goshinta. Amma bangon da suka tafa wa hannu yana da wani tarihi. Mutanen Huna Tlingit suna zaune a wannan kwarin, da gidajensu da wuraren kamun kifinsu, har wajen tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da ƙanƙarar ta taso ta murƙushe mazauninsu, suka tsere cikin kwale-kwale. A 1794, da jirgin George Vancouver ya bi ta wurin, babu wani lungun teku na kirki, bangon ƙanƙara ne ya toshe bakinsa. A 1879 John Muir ya tarar ta ja da baya kilomita masu yawa, yau kuwa ja da bayan ya haura kilomita 100. Ruwan da jirgin 'yata ya bi a kai, ƙarƙashinsa kufai ne na wasu mutane.

Da na tuna haka sai na ga ai ba sai na je Alaska ba. Muna da namu.

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya san su, tafkunan nan masu ruwa kore-kore ko shuɗi, da jan tudu a gefe, da dogayen itatuwan turare sun kewaye su. Mu nan dam muke ce musu. Baƙo daga Kano ko Legas in ya gan su da yamma, rana na faɗuwa a bayan duwatsu, sai ya ce a tsaya ya ɗauki hoto. Na Rayfield ma an mai da shi wurin shaƙatawa, ana shiga kwale-kwale a zaga da iyali ranar Kirsimeti ko ranar Sallah. Na kai jikokina, mun sa rigar kariya, mun zaga, sun yi ta ihun murna, ni ma na ji daɗi. Amma ba ƙanƙara ce ta fafe waɗannan ba. Kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka ta, amma daga farkon shekarun 1900 kamfanoni suka shigo da ƙarfinsu. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya don kwasar ta. Aka riƙa yaye ƙasar noma ta Berom da maƙwabtansu, ana bin tsofaffin hanyoyin ruwa da ke binne, ana wanke yashi ana tace baƙin ƙarfen. Da farko da diga da shebur da kwanon sarki, daga baya da manyan injunan haƙa da wutar da ake jawowa daga Kurra. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage na kamfanonin ya watse. Ramukan kuwa ba su da ƙafar tafiya. Ruwan sama ya cika su.

Mahaifina yana cikin waɗanda aka ɗebo aikin tilas lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da Ingila ta rasa kuzar Malaya ta juyo kan tamu. Saurayi ne daga ƙasa mai zafi, aka kawo shi tudu da riga ɗaya. Bai cika ba da labarin ba. Abin da yakan faɗa shi ne sanyi da yunwa sun kashe mutane fiye da yadda rami ya kashe, kuma da safe akan tashi a tarar na kusa da kai bai tashi ba. Wata rana ina yaro muna wucewa ta gefen wani dam a kan kekensa, na ce, "Baba, dubi ruwan nan, gwanin kyau." Bai juya ba. Ya ce, "Da kaina na kwashe shi, kwano-kwano." Muka yi sauran tafiyar ba wanda ya ƙara magana.

To, ga inda na yi tuntuɓe, kuma saboda shi na zaɓi karatun yau.

Malami ba ya ganin abu ya bar shi, sai ya mai da shi darasi. Da na zama dattijon ikilisiya, ana ba ni wa'azi jefi-jefi, na haɗa wani misali da nake ji da shi ƙwarai. Nakan ce: ku dubi fiyod, ku dubi dam. Wurin da aka kwarzane, shi ke riƙe ruwa. Tudu ba ya riƙe komai. Ku dubi lambunan da ke kewaye da ramukan kuza da rani, kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodawa a Farin Gada zuwa ko'ina a ƙasar nan, duk daga ramin da mugunta ta haƙa. Haka Ubangiji yake cika raunin mutum da alheri. Jama'a kan ce amin da ƙarfi. Har yau ban ce misalin ƙarya ne ba.

Shekara shida ke nan, cikin watan Janairu, yaron wata gwauruwa 'yar zumuntar mata a ikilisiyarmu ya faɗa wani dam a bayan Bukuru. Shekararsa sha biyu. Wanki aka aike shi. Wanda ya san waɗannan ramuka ya san ba su da gaɓa irin ta kogi. Kana tsaye ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba sai zurfin da ya fi tsayin gida, ga sanyi mai ɗaure jijiya, ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Mutane suka taru a baki, suna ihu, suna nuni da hannu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Wani Bakano mai lambu a gefen dam ɗin, mutum mai shekara hamsin da wani abu, ya bar injin ban-ruwansa yana aiki, ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa samari bakinta. Sau uku yana nutsewa. A na ukun ya fito da yaron, rai ya riga ya yi halinsa. Shi kansa ya yi makonni yana jinyar ƙirji.

Ni ban je bakin ruwan ba, labari ya same ni a gida. Da yamma na saka kwat, na ɗauki Littafina, na tafi gaisuwa. Ɗakin cike da mata, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanunta a bushe. Aka ba ni kujera. Aka ce Baba Malam zai yi mana magana. Na buɗe baki, kuma Allah ya gafarta mini, misalin nan ne ya fito. Na yi shi da taushin murya, na rage masa ado, amma shi ne dai: wurin da aka kwarzane, alherin da zai cika gurbi. Ta saurare ni har na gama, don tana da tarbiyya. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba Malam, ramin da kake yabo, shi ya cinye mini ɗa."

Ba wanda ya ce amin. Na zauna da Littafi a kan cinya, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina ɗan makaranta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka Kanawa ke cewa. Ni daga baranda nake hangen baƙin cikinta, da kofin shayina a hannu, ina yi mata bayani ta lasifika.

Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun fi ni farawa da kyau. Sun taso daga garuruwansu, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Da sun tashi sun tafi a rana ta takwas, da yau muna sa wa 'ya'yanmu sunayensu. Amma shiru ya gundure su. Suka shiga yi masa bayanin ciwonsa, sura bayan sura, da hikima da tsari da misalai masu daɗin ji, kuma da yawa daga abin da suka faɗa, in ka ɗauke shi shi kaɗai, za ka iya rataye shi a bangon falo. A sura ta 42 Ubangiji ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, har sai da Ayuban da suka zo gyarawa ya yi musu addu'a. Wannan wuri yana ba ni tsoro, ni mai yawan magana.

Karatunmu na farko yana cikin amsar da Ubangiji ya ba Ayuba daga cikin guguwa. Ku karanta shi a hankali, da murya in da hali. Tambayoyi ne ake jero wa mutumin da ya binne 'ya'ya goma. Ana tambayarsa ko ya taɓa shiga rumbunan da ake ajiye dusar ƙanƙara, ko ya san wanda ya sara wa ambaliya hanya, ko ya san mahaifiyar ƙanƙara, da yadda ruwa ke taurara ya koma kamar dutse. Da can nakan ɗauki wannan a matsayin darasin labarin ƙasa daga bakin Mahalicci, abin ya yi mini daɗi, sana'ata ce. Yanzu abu biyu nake gani. Na farko, a duk tsawon jawabin ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, ko da kalma ɗaya. Wanda ya san dalilin bai faɗa ba, sai mu da ba mu sani ba muke ta faɗa. Har akwai inda ake maganar ruwan sama da ke sauka a jejin da babu ɗan Adam ko ɗaya. Wato akwai ayyukan Allah da ba don su zama misalin wa'azina aka yi su ba. Margerie ta yi ta zubar da kanta cikin teku dare da rana tun kafin a ƙera jirgin da zai je kallo, kuma a watannin hunturu da jirage ba sa zuwa, ba ta dainawa. Na biyu, Ayuba ba a baranda ya ji wannan jawabi ba. A cikin toka yake zaune, da katangar tukunya a hannu yana susar gyambo. Can muryar ta same shi. Girman Allah bai tsaya nesa ya ce a kawo masa mai ciwo ba.

Saboda haka ban ce 'yata ta yi kuskure ba da ta ce in ga ikon Allah. Daidai ta faɗa. Mutumin da zai tsaya gaban irin wannan abu, ko gaban duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, ko ruwan Assop yana zubowa a Hawan Kibo, bai ji gwiwarsa ta yi sanyi ba, to a yi masa addu'a. Damuwata da kaina ce, da irin ibadar da na saba. Ina son Allah mai girma da za a hango daga nesa, a yi masa waƙa, a ɗauki hoto, jirgi ya juya kafin sanyi ya shiga jiki. Kuma yadda nake kallon Allah, haka na wayi gari ina kallon mutane.

Mu mutanen Jos mun ƙware a wannan kallo. Tun daga Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, garin ya tsage, kowa ya koma inda nasa suke. Akwai unguwannin da na yi yawo a cikinsu da ƙafa ina saurayi, na ci tuwo a gidajen abokai, yau sai dai in ratsa su a mota, gilashi a rufe, ina cewa Allah sarki, da can nan gidan wane ne. Su ma na san haka suke ratsa namu. Labarin juna kuma yakan iso mana kamar ƙarar ƙanƙarar nan ta bidiyo: sai abu ya riga ya faɗi, ruwa ya rufe, sannan mu ji.

Karatu na biyu ma da jirgi a cikinsa, shi ya sa na haɗa su. An kashe Yohanna Mai Baftisma. Almajirai sun dawo daga aike a gajiye, jama'a na ta kai da kawowa har ba su samu sukunin cin abinci ba. Yesu da kansa ya ce su shiga jirgi su tafi wurin da ba kowa su huta. A lura da wannan, don kada wani ya ce hutu zunubi ne: shi ya kira tafiyar. Amma mutane suka gane inda aka nufa, suka bi gaɓar Tekun Galili da gudu, suka riga su isa. Ina ƙoƙarin ganin abin daga cikin jirgin. Daga kan ruwa taro abin kallo ne, launukan riguna a gefen tudu, ciyawa kore shar, ba a jin warin gumi, ba a jin kukan yaro. Ga iska, ga filafili, ba abin da ya fi sauƙi irin a karkata akala a nemi wata gaɓar. Ko a tsaya nesa kaɗan a ɗaga musu hannu a sa musu albarka. Markus ya ce ya sauka. Ya gan su, tausayinsu ya kama shi, ya zauna da su har rana ta yi sanyi.

Almajiran kuwa ƙafarsu ta sauka, zuciyarsu tana cikin jirgi. Da yamma ta yi suka kawo shawara mai hankali, irin wadda kwamitin ikilisiya zai amince da ita ba gardama: a sallami mutane su je ƙauyuka su sayi abinci. Sai ya mai da musu nauyin, ya ce su su ciyar da su, su je su duba abin da ke hannunsu. Gurasa biyar da kifi biyu. Mukan yi saurin tsallakawa zuwa mu'ujizar, mutum dubu biyar da kwanduna goma sha biyu. Ni a safiyar nan na tsaya a kan aikin da aka ba almajiran: ratsa taro, zaunar da mutane ƙungiya-ƙungiya, miƙa gurasa hannu da hannu, kallon fuskar kowa. Ba a yin wannan daga kan ruwa.

In aka tambaye ni wanda ya yi wa'azi a ranar da yaron nan ya rasu, ba ni ba ne. Mutumin da ya ɗaura igiya a ƙugu ne, wanda ba ya karanta Littafin da nake karantawa, wanda kuma a lokutan tashin hankali sai ya yi lissafi kafin ya taso daga cikin gari zuwa lambunsa. Bai kawo wa uwar bayani ba. Ya kawo mata ɗanta ta binne shi ta san kabarinsa. Da ya warke, ya yanka mata kunya shida daga gefen lambunsa, ya ce ta riƙa shuka abin miya, ya nuna mata yadda ake rainon irin kabeji. Na yi mamaki da ta karɓa, ga ruwan da ya ci ɗanta a gabanta kullum. Ban tambaye ta dalili ba, na koyi wannan ɗin aƙalla. Wata rana dai, muna tsinke ciyawa, ita da kanta ta ce, "Baba Malam, ka san ruwan nan shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta yanzu." Ta faɗa ba da murmushi ba, ba kuma da kuka ba. Kusan misalina ne, kalma da kalma. Amma a bakinta yana da nauyin da bai taɓa samu a bakina ba, kuma ban ce mata ai na faɗa miki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ke da ikon cewa an toshe.

Mutanen Huna ma sun koma. A 2016 suka shiga Glacier Bay cikin kwale-kwalen da suka sassaƙa da hannunsu, suka buɗe gidan kabilarsu a Bartlett Cove, a ƙasar da ƙanƙara ta kore kakanninsu fiye da shekara 250 da suka wuce. Ruwa ɗaya ne da wanda manyan jirage ke bi. Su dai sun ja kwale-kwalensu kan gaɓa sun taka ƙasa.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji, kai ka san inda ƙanƙara ke kwana, ka san zurfin Sogne da zurfin kowane rami tsakanin Naraguta da Barikin Ladi, ka san sunayen waɗanda sanyi ya kashe a barikokin kuza da ba a rubuta su a ko'ina ba. Mun gode don idanun da ka ba mu, da kyawawan abubuwan da ka shimfiɗa a gabansu. Ka gafarta mana maganganun da muka yi a ɗakunan makoki don mu kauce wa shiru. Ka kama harshenmu a inda kai ma ka yi shiru. Ka tsare 'ya'yanmu da ke aikin dare a ƙasashen sanyi, da yaran da za a aika bakin dam yau. Ka sa wa mai lambun nan albarka, shi da gidansa. Ka nuna wa kowannenmu gaɓar da zai sauka kafin rana ta faɗi. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Gari ya fara wayewa, hazo ya rufe tudun da ke bayan gidanmu, 'yan keke sun fara hon a bakin titi. Mako biyu ke nan da na yi alkawarin kai wa mai lambun nan da gwauruwar sabon tiyo, nasu ya tsage a wuri uku suna ta ɗaure shi da roba. Na saya tun ranar, yana nan naɗe a bayan ƙofa, kullum ina cewa bari sanyi ya ɗan sassauta. Ina cikin zuba shayi a fulas wayata ta yi ƙara. Mai lambun ne.

"Malam, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, Malam. Ina tafe yanzu da tiyon nan."

"To madalla, Allah ya kawo ka lafiya. Maman yara ma ta iso tun ɗazu. Amma ka bar takalmin coci a gida, ka sa na roba. Gangaren akwai laka."